Wuƙar Bajamushe a Gadon Jaririnmu

Shekara tara da aurenmu ba mu samu haihuwa ba, kuma duk wanda ya zauna cikin 'yan Arewa a yankin Washington ya san abin da ranar Asabar take nufi. Asabar ranar taron suna ce. Ko yaushe aka raɗa wa yaro suna, cin shinkafa da waina dai sai Asabar, domin ranar ce kowa yake da sarari. Matata ba ta fashi. Takan tafi da turmin atamfa ko kwalin kayan jarirai, ta yi hidima har dare ya kusa, ta dawo ta ba ni labarin wanda jaririn ya yi kama da shi. Ni kuwa na gaji da jin "saura ku" da "Allah Ya kawo naku", sai na fara ƙirƙirar uzuri. Garin gudun taron suna ne na faɗa tara wuƙaƙen sojojin Jamus.

Wani abokin aikina ne a Alexandria, inda nake aikin injiniya a wani kamfani mai yi wa gwamnati kwangila, ya ja ni wata kasuwar tsofaffin kayan soja da ake ci a wani ƙaton zaure lokaci zuwa lokaci. Tebura ne jere, bayan kowanne da tsoho mai tumbi da tabarau, gabansa hulunan kwano da lambobin yabo na mutanen da suka daɗe da zama ƙasa. Na yi ta zagaye ina hamma har na iso teburin wani dogon tsohon Bature mai rawar hannu. Wuƙaƙe ne a gabansa kwance a kan jan ƙyalle, kowace da kubenta. Na miƙa hannu zan ɗauki ɗaya in gwada kaifinta da babban yatsa, yadda kowane Bahaushe zai yi. Ya buge mini hannu, bugu na gaske, irin wanda uwa take yi wa yaro a bakin tukunya. Sannan ya miƙo mini farar safar hannu ya ce in saka.

A wurinsa na ɗauki karatun. Waɗannan wuƙaƙe ba na yaƙi ba ne, na ado ne, hafsoshi ke ratayawa a ƙugu ranar fareti ko ranar aure. Tun daga maƙera a dakushe suke fitowa, ko tumatir ba za su yanka ba. Darajarsu a wurin masu tarawa ita ce a same su yadda shekaru suka bar su. Ba a gogewa, ba a wankewa, ba a taɓa ƙarfen da hannu ba safa, domin gumin yatsa yana barin tabo. Baƙin nan da tagulla take yi idan ta tsufa, wanda a gidanmu sai an yi wa yarinya faɗa a kansa, a nan shi ake yi wa kirari. Babban zunubi kuwa, wanda ba shi da kaffara, shi ne wasawa. Wuƙar da aka wasa ta mutu, in ji tsohon.

Ranar na yi dariya a mota har hawaye. Wuƙar da ba ta yanka, kuma ana lallaɓa ta da safa. To amma kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wata uku bayan wannan dariyar na sayi ta farko, na sayi safa dozin guda, na sayi kabad mai ƙofar gilashi na kafa a ɗakin ƙasa na gidanmu a Springfield, kusa da injin wanki. Tun farko na yi wa kaina iyaka. Mafi yawan abin da ke kasuwar na zamanin yaƙin duniya na biyu ne, masu ɗauke da tambarin mutanen nan da suka yi wa bayin Allah kisan kiyashi. Wannan tambari bai taɓa shiga gidana ba. Ni na zamanin da Jamus take da sarki nake bi, kafin yaƙin farko. Tsohon ma can zuciyarsa take, shi ya sa muka shaƙu.

Matata tana kiransu "mutanenka na ƙasa". Idan na dawo daga aiki sai ta ce in je in gaida mutanena na ƙasa kafin abinci ya huce. Ba ta taɓa hana ni ba. Ina jin ta gane cewa namiji ma yana bukatar abin da zai riƙa leƙawa idan ya dawo gida.

Akwai guda ɗaya da tsohon ba ya kawowa kasuwa, sai a gidansa da ke Gaithersburg na gan ta. Ta wani hafsan sojan ruwa ce. Ƙotarta hauren giwa ne da ya yi launin zuma don tsufa, da ɗan kambin sarauta a samanta. Kuben tagulla ne, ya yi baƙi sumul. A jikin ƙarfen kuma an zana jirgin ruwa da filafilansa, zane siriri wanda sai ka karkata ta ga haske za ka gan shi duka. Shekara uku ina zarya a kanta. Sai ya dafa mini kofi mai ɗaci, ya fito da ita, mu kalla, ya mayar. Ranar da ya yarda ya sayar mini, hannunsa ne ya kai ga ba ya iya zare ta ba tare da ta bugi bakin kube ba. Ya ce 'ya'yansa ba su san darajarta ba, ranar da ya mutu za su goge ta da man goge cokali su ɗora hotonta a intanet.

"Ka yi mini alƙawari," ya ce. "Yadda na ba ka ita, haka za ka ba wanda zai karɓa daga hannunka."

Na yi masa alƙawari, na ɗauko ta a kujerar gaba, har da ɗaura mata bel. Ita ce ta shida a kabad ɗina.

A shekara ta goma sha uku da aurenmu Allah Ya kawo rabo. Namiji ne, amma bakwaini, sai da ya yi mako uku a kwalba a asibiti. Ranar da na fara ganinsa, da wayoyi a ƙirjinsa da wata 'yar roba a hanci, ƙafarsa ba ta kai babban yatsana kauri ba. Na yi masa kiran salla ta jikin gilashi, na fita waje na daɗe a tsaye.

Surukata Hajiya, mahaifiyar matata, ta taso daga ƙasar Katsina don jego. Gajeriyar mace ce mai haƙorin Makka, ba ta da yawan magana, amma idan ta yi ɗaya ta isa. A shekara goma sha ukun nan, abin da ya taɓa haɗa ni da ita bai wuce gaisuwa ba. In durƙusa, in gaishe ta, ta sa mini albarka tana kallon gefe, in tashi. Ba na cin abinci a gabanta, ba ta kiran sunana. A gida wannan ba wuya, kowa da sashensa. Yanzu ga mu a siririn gida mai kicin ɗaya da matakala ɗaya, idan na ji takunta tana saukowa sai in koma da baya in ba ta hanya.

Ni na ɗauko ta daga filin jirgi. Tana kujerar baya, muna hawa babban titi ta ce wa tagar mota, "Sun karɓe mini wuƙa." Ashe a jakar hannu ta sa ta, tare da goro da carbi, aka ƙwace a inda suka sauya jirgi a Turai. Na ce Allah Ya mayar da alheri, ban ɗauki abin da muhimmanci ba. Daga baya matata ta gaya mini cewa 'yar ƙaramar wuƙar maƙera ce mai kuben fata, wadda ta kwana a kan duk 'ya'yan Hajiya takwas da jikokinta. Al'adar ba baƙuwa ba ce a wurina. A wajenmu ba a barin jariri shi kaɗai a ɗaki sai da ƙarfe a wajen kansa, saboda iskoki da mayu, har a yi arba'in. Ni ma an yi mini. Na dai daɗe da jefa abin a kwandon camfi.

Da aka sallamo yaron, ragamar gida ta koma hannun Hajiya. Ruwan zafi ya daina isa kowa, domin wankan jego yana cinye tankin kafin in farka. Ni ne mai sayo ƙafar saniya a shagon halal, ni ne mai hawa kujera in kashe ƙararrawar gobara duk lokacin da ta kunna turaren wuta. Duk wannan na yi shi da daɗin rai.

A rana ta uku na dawo daga aiki na sauka gaida mutanena na ƙasa. Biyar na tarar. Gurbin ta shida yana nan a kan ƙyalle, mabuɗin kuma yana saman kabad inda nake ajiye shi. Na hau sama da gudu. Matata tana zaune a bakin gado, ta nuna mini gadon jariri da baki. Ƙotar hauren giwa ce ta leƙo daga ƙarƙashin katifarsa, ta wajen kai, da ɗan kambinta. Matata mai haɗa magunguna ce, ba ta yarda a sa komai a cikin gadon ba, sai suka daidaita a kan ƙarƙashin katifa.

"Ta sauka wanki ne," ta ce a hankali. "Ta ce ta ga wuƙaƙe shida a zaune, ba aikin fari ba na baƙi, ga yaro yana kwance ba komai."

"Wuƙaƙen kicin fa?"

"Ba su da kube, kuma suna warin albasa."

"To cikin shidan sai wannan?"

"Idon Hajiya ya san kaya."

Na ce ta yi mata magana, ai mahaifiyarta ce. Ta ce ta riga ta gwada, Hajiya ta tambaye ta, "Shi ya ce?" Ita kuma ba ta iya cewa ni na ce ba, domin hakan yana nufin suruki ya aiko wa surukarsa saƙon a cire abin tsari daga kan ɗansa don yana jin rowar ƙarfe. Ko ni da na ji yadda maganar za ta fito sai da na ji kunya.

Sai na koma hannunka-mai-sanda. Washegari na biya wani shagon kayan farauta na sayo wuƙa sabuwa dal, mai kuben fata, na ajiye a kan teburin falo inda ba yadda za a yi ta wuce ba ta gani ba. Hajiya tana da hanyarta ta yi mini magana, wato ta bakin jaririn, wanda take kira maigidanta yadda kakanni suke yi. Ina kicin na ji ta tana jijjiga shi tana cewa, "Maigida, ka ga babanka ya sayo wuƙar fiɗa. Ka ce mun gode, ranar layya za ta yi rana."

Bayan kwana biyu na ɗauko ɗaya daga cikin biyar ɗin, wadda dama ba na ji da ita sosai, na ajiye a wurin. Amsa ta zo ta hanyar da aka saba. "Maigida, ba a canza wa mutum mai gadi bayan ya saba da shi, ko ba haka ba?"

Na lallashi kaina da cewa kwana arba'in a cikin kube ba zai yi mata komai ba, kuma ai mako uku sun riga sun tafi a asibiti. Matata ta gyara mini lissafi. Hajiya ta yanke hukunci cewa kwanan kwalba ba ya ciki, daga ranar da yaro ya shigo gida ake ƙirgawa.

A mako na biyu aka fara zuwa barka sosai, matan Kano da na Damagaram da na Kumasi suna ta shigowa da kuloli. Ran nan na leƙa ɗakin, sai wani ƙyalli ya daki idona daga ƙarƙashin katifa. Kuben ne. An goge shi da lemon tsami da tokar gawayin turare, ya koma ja yana walƙiya kamar kwanon jeren amarya. Hajiya ta ce abin kunya ne baƙi su shigo su ga datti a kan jariri. Baƙin da ya ɗauki kusan shekara ɗari yana taruwa ya tafi a hantsi ɗaya. Ba zan ɓoye ba, sai da na buɗe kwandon shara na ga tsumman da aka yi aikin da shi, na tsaya a kansa kamar mai ta'aziyya.

Saura ƙarfen. Muddin ba a taɓa shi ba, ina da abin da zan nuna wa tsohon. Na yanke shawarar yin magana da bakina. A cikin jirgin ƙasa na shirya jawabin, daga Alexandria har tashar ƙarshe ina bitarsa, da ladabi da misalai, har da bayanin cewa amana ce. Na shigo gida na same ta a falo tana jan carbi. Na durƙusa.

"Hajiya, an wuni lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya baƙunta? Ya hidima?"

"Alhamdu lillahi. Allah Ya yi albarka."

Na ce amin, na tashi. Sau uku ina yin haka a ranaku uku, jawabin yana nan a cikina bai ga hasken rana ba. Mutumin da yake tsayawa gaban manyan jami'an gwamnati ya ce musu lissafinsu ba daidai ba ne, shi ne ya kasa haɗa jimla ɗaya a gaban tsohuwar da ba ta kai kafaɗarsa ba.

Wata Asabar da hantsi ina shan shayi na ji wani sauti daga farfajiyar baya. Duk wanda ya taɓa kwana a gidan da za a yi layya ya san wannan sauti, ƙarfe ne a kan dutse. Na ajiye kofin na nufi ƙofar baya. Hajiya tana zaune a kan 'yar kujera, ga kwanon ruwa a gefe, ta karkata wuƙar a kan bakin matakalar siminti tana kai da komowa da ita, cikin natsuwar wanda ya iya. Ta riga ta gama gefe ɗaya. Daga inda nake tsaye ina ganin rabin jirgin ruwan ya tafi.

Akwai sauran ɗaya gefen. Da na yi magana a lokacin, da na ceci wani abu. Na buɗe ƙofa, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Sannu da aiki, Hajiya."

"Yauwa," ta ce, ba ta ɗago ba. Ta yayyafa ruwa a simintin ta juya ɗaya gefen. Sannan ta ƙara, kamar da kwanon take magana, "Ashe ko kaifi babu. Kwana ashirin yaro yana kwance da ƙarfen banza."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na hau sama na samu matata tana shayar da yaron, na sauke mata duk abin da ke cikina, amma da raɗa, domin tagar ɗakin tana kallon farfajiyar baya. Faɗa da raɗa ba ya kashe ƙishi. Na yi maganar shekara uku da na yi ina zarya, na yi maganar alƙawari, na ce an mayar da ni baƙo a gidana. Ta bar ni har na gaji.

"Tun da muka dawo daga asibiti sau nawa ka ɗauke shi?" ta tambaye ni.

Na ce ai ɗan fari ne, kuma ga Hajiya a gida, da kunya.

"Hajiya tana waje yanzu. Ga shi."

Ban miƙa hannu ba.

"Duk lokacin da ka shigo ɗakin nan ƙarƙashin katifa kake fara dubawa," ta ce. "Ina kallonka."

Gaskiya ta faɗa, kuma ba kunya ba ce. Tsoro nake ji. Tun ranar da na gan shi da wayoyin nan nake tsoron in saba da shi a zo a karɓe. Shekara goma sha uku na jira, kuma da ya zo sai na kasa kallon fuskarsa da kyau. Wuƙar ta fi sauƙin damuwa a kanta. Na gaya mata haka, a karo na farko.

"Ita ma tsoron take ji," matata ta ce. "Ita dai ta samu abin da za ta yi da nata."

Daga waje sautin ya ci gaba har aka gama aikin.

Saura tsohon. Na so in ɓoye masa, sai ga shi ya bugo waya yana barka, ya ce zai zo ganin yaro ranar Lahadi. Ya zo da la'asar da wani ɗan bargo a leda. Tun a bakin ƙofa na fara yi masa bayani, amma ina ta kewaye-kewaye, bai gane ba sai da muka shiga ɗakin ya ga ƙotar. Ya tsaya. Ya zaro safa daga aljihu, domin ba ya rabuwa da ita, ya saka, ya janyo wuƙar. Ya daɗe yana kallon kuben. Sannan ya zare ta, ya karkata ta ga hasken taga yana neman jirgin.

"Ka yi mini alƙawari," ya ce.

"Na yi."

"Kana ina aka yi wannan?"

"Ina tsaye a wurin."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Hajiya tana zaune a gefe da jaririn a cinya, tana kallon wannan dogon mutum mai safa a cikin ɗaki. Ta tambayi 'yarta ko wane ne. Aka ce mata shi ne ya sayar mini da wuƙar.

"To ku gaya masa ya ji tsoron Allah," ta ce. "Da girmansa yana sayar wa mutane wuƙa ba kaifi."

Na juya na ce masa tana yi masa sannu da zuwa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce maganar ta fi haka tsawo. Matata ta fassara masa tsaf, ba ragi, sannan ta bayyana masa abin da wuƙar take yi a wurin. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce a tambayi Hajiya ko abin yana aiki. Hajiya ta ce tsari na Allah ne, addu'a ce gaba, wannan kuwa haka suka tarar ana yi. Sannan ta yaye zanin da yaron yake ciki ta nuna masa cinyarsa, wadda ta fara yin ninki. Ta ɗan matsa ta da yatsa biyu, yadda ake nuna kaya a kasuwa.

Tsohon ya mayar da wuƙar kube, ya sunkuya da ƙyar ya tura ta ƙarƙashin katifa inda ya same ta. Ya cire safar ya miƙa wa yaron yatsa, yaron ya kama. Ba zan ce ya yafe mini ba. Bai sake sayar mini da ko maɓalli ba, kuma duk lokacin da na je kasuwar sai ya kira maƙwabtan teburinsa ya ce su zo su ga mutumin da aka wasa wuƙar sojan ruwa yana tsaye yana gaisuwa. Na sha wannan tsiyar shekaru, ban taɓa musa masa ba, domin haka aka yi. Kofinsa mai ɗaci dai bai daina dafa mini ba.

Arba'in ta cika bisa lissafin Hajiya, yaro ya yi kumari, aka fara shirin komawarta. Ranar tafiya na gama loda akwatuna a mota na dawo na durƙusa in yi mata sallama irin ta gida kafin mu fita. Wuƙar tana kan cinyarta, naɗe a cikin wani ɗankwali. Na jira ta ce wa maigidanta ya mayar wa babansa kayansa. Ba ta kalli jaririn ba, ni ta kalla.

"Malam," ta ce. Ba ta taɓa fuskantata da magana haka ba. "Na ga fuskarka ranar da nake wasa ta. Daga baya yarinyar nan ta gaya mini ko mece ce, na san na yi maka ɓarna. Kana da ikon ka hana ni, gidanka ne, kayanka ne. Sai ka ce mini sannu." Ta miƙo mini da hannu biyu. "Allah Ya sa shi ma ya yi maka haka ranar da ka tsufa kana ɓarna."

Na ce amin, na karɓa da hannu biyu. Muka kama hanyar filin jirgi.

Da na dawo na sauka ɗakin ƙasa na warware ɗankwalin. Na ɗauko safa, sai na ga ba ta da sauran amfani a nan, na mayar. Na kwantar da wuƙar a gurbinta da hannuna. A cikin 'yan'uwanta biyar masu baƙin tsufa ita kaɗai take ƙyalli, kamar haƙorin Makka a bakin tsohuwa. Na kulle kabad na hau sama.

Gidan ya yi tsit, ba ƙamshin turare, ba takun kowa a matakala. Matata ta shiga wanka. Na leƙa ɗakin, yaron yana barci shi kaɗai, hannuwansa biyu a sama, rana tana shigowa ta taga. Na tsaya a bakin ƙofa. Na san karatuna, na san abin da malamai suke cewa a kan irin wannan, na san ƙarfe ba ya hana komai. Na karanta masa abin da ya sawwaƙa na tofa. Na juya zan fita, ƙafata ta ƙi tafiya falo. Sai ga ni a ɗakin ƙasa ina laluben mabuɗi a saman kabad.

Ina tura ta ƙarƙashin katifa ya motsa ya buɗe ido. Na ɗauke shi. Ya fi yadda nake zato nauyi, kansa yana ƙamshin man kaɗe. Muna haka matata ta fito tana goge fuska. Ta dube ni da yaron a kafaɗa, ta dubi ƙotar hauren giwa da ta leƙo daga ƙarƙashin katifa. Na shirya jin tsiya.

"Hajiya ta dama take sawa," ta ce. "Ƙotar tana kallon ƙofa."

Na riƙe shi da hannu ɗaya, na sunkuya na gyara.